Tsohon Kada na Bakin Rafi

Cooktown,
10 ga Agusta, 1989.

Yaya Des,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma tarin nan na ƙurar ramin zinariya ya sake ka. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ka sani, ga ƙafafuna duk tabon cizon ƙwarin yashi. Aikin asibiti yana nan yadda yake.

Ka ce in rubuto maka yadda tafiyarmu ta kasance da ɗanka Warren da amaryarsa Tracey. To ga shi, amma kada ka karanta kana cin abinci.

Da muka isa ƙofar shingen Anti Myrtle, tsohuwar da ƙasar bakin rafi take tasu tun kakanni, ba mu same ta ba, ta shigo gari ganin likitan ido, mun yi saɓani a hanya. Da tana nan da ta jiƙa wa baƙin kai da ruwan rafi, ta gaya wa ƙasar ko su wane ne, kamar yadda ta yi mana muna yara. Tunda ba ta nan, sai na buɗe na shige da su har ƙarƙashin bishiyoyin bakin rafi, inda Baba yake kafa tanti.

Kwana huɗu muka yi, ni kuwa sai ka ce wata. Surukarka ta mai da kular abinci wurin ajiyar man shafawarta, tana buɗewa sau goma kafin rana ta take. Kwana biyu ƙanƙara ta narke, naman da na saya ya koma kore yana iyo a ruwa, ni na kwashe shi da hannuna. Salga kuwa ta ce ba za ta shiga ba, wai kwaɗo ya kalle ta. Sai ta riƙa zagayawa bayan bishiyoyin kwakwa, iska tana kwaso takardun bayan gidan da ta yar tana watsa su a kan yashi. Yashin nan fari fat da ka sani, Yaya. Da tsinke na bi ina tsinta ina ƙonawa, ita tana zaune tana yanke farce. Shi kuma gogan naka ya tuɓe riga tun ranar farko, rana ta gasa shi, ya zauna kusa da tukunya yana ɓare fatar kafaɗarsa yana nuna mana tsawonta.

Duk wannan da na haɗiye. Ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Mun samu kifi sosai. Ka san dokar wurin: kawuna da hanji ba sa kusantar ruwa, sai a hau da su tudun bayan hanya a haƙa rami a binne. Warren ya ce shi zai riƙa ɗauka, safe da yamma. Ashe bakin rafi yake zagayawa da su, ya buga gindin bokitin ƙarfe a kan dutse, ya watsa wa Tsoho. Tsoho fa, kadan nan da yake kwance a bakin rafin tun kafin a haife mu, wanda bai taɓa waiwayar ɗan adam ba.

Ranar da za mu taso ina loda kaya a mota sai bokitin ya suɓuce mini ya faɗi a kan dutse. Ban gama sunkuyawa ba na ga ruwa ya tsage. Ya fito da rana tsaka, ya ja jikinsa kan yashi, ya tsaya kamar taku goma sha biyar daga inda tantunanmu suke, ya buɗe baki yana jira. Daidai nan motar Anti Myrtle ta tsaya, ta zo gaishe mu da idonta ɗaya a naɗe. Ɗanka kuwa dariya yake yi yana laluben kyamara, yana cewa, “Gwaggo, kwantar da hankalinki, mutumina ne, sallama ya zo mu yi.”

Anti Myrtle ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon kadan, sannan ta juyo ta ce, “Wa ya koya masa bara?” Ta koma motarta. Da muka zo fita, jikanta ne ya rufe ƙofa a bayanmu, bai ko ɗaga mana hannu ba.

Kai ka yi nisa, wataƙila ka manta. Zangon gaba, inda baƙi suke kafa tanti, na kowa ne, amma bakin rafi mu kaɗai ne waɗanda ba jininta ba da ta taɓa bari su kwana a can, albarkacin Baba, shekara talatin da ɗaya ke nan. Tun da mijina Ron ya rasu, can ne kaɗai nake jin ni mutum ce. Yanzu ban san ko za a sake buɗe mini ƙofar ba. Har yanzu dariyar yaron nan tana kunnena. Ba zan ƙara kai naka can ba.

Ƙanwarka,
Glenys.

*

Kalgoorlie,
21 ga Agusta, 1989.

Glen, sarkin faɗa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwa? Ni tari ya yi sauƙi, likitan kamfani ya ce in bar taba, na ce masa shi ma ya bar cin dankali mu gani. An canja mana masauki, mun koma sabon sansani kusa da rami na biyu, saboda haka ki riƙa amfani da adireshin da ke bayan ambulan.

Shiru ban ji daga gare ki ba, amma Warren ya riga ki. Ya aiko mini da wasiƙa shafi uku, wanda bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, har da hoto. Glen, kin ga hoton kuwa? Tsoho ne baki a buɗe, kan kifi yana sama yana shirin faɗawa ciki. Na manna shi a bangon ɗakin cin abincinmu. Mutanen nan da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce na kwano ba sai taruwa suke yi suna kallo, ni kuma ina cewa ɗana ne ya ɗauka, a ƙasarmu.

Ya ce ke ce gwaggon da ta fi ta kowa, wai kin iya gasa kifi kamar a ci har da ƙaya. Ya ce Tracey ma ta ji daɗi, in ban da kwaɗi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da ya ce yana tsaye a kan dutsen nan yana buga bokiti sai ya ji kamar kakansa yana kusa da shi, tunda haka Baba yake yi. Sai da na ajiye takardar na fita waje na ɗan sha iska.

Na gode, ƙanwata. Kin yi mini abin da ni na kasa yi masa. Ki gaida Anti Myrtle, ki ce mata har yanzu ina bin ta ƙaguwar da ta yi mini alkawari.

Yayanki,
Des.

*

Cooktown,
2 ga Satumba, 1989.

Yaya Des,

Ina gaisuwa, na ji daɗi da tari ya lafa. Gwiwa da sauƙi. Na ga alama wasiƙata ta farko tana can tsohon masaukinku tana shan ƙura, ka je ka neme ta kafin ka karanta wannan.

Ka cire hoton nan daga bango. Ƙarti suna taruwa suna tafa maka a kan abin da ya kamata ka ɓoye fuskarka.

Kuma wane Baban ne yake buga wa kada bokiti? Namu? Mutumin da ya tsinka maka mari kana shekara goma sha huɗu don ka wanke wuƙar kifi a bakin ruwa? Mutumin da yake hawa tudun nan da bokiti ko da zazzaɓi a jikinsa? A ina Warren ya samo wannan zance? Shekararsa huɗu lokacin da Baba ya rasu, ba zai ce ya gani da idonsa ba.

Bari in gaya maka abin da hotonka ya haifar. Noeleen, jikar Anti Myrtle, ta zo asibiti da jaririnta riga-kafi, daga wurinta na ji. Makon jiya mata sun fita kamun ƙaguwa da ruwa ya janye, kamar yadda suke yi tun kakanninsu. Wata ta dire bokitinta a kan dutse, sai ga shi ya taso a bayansu, ya biyo su har kan yashi. Da gudu suka tsira, ɗaya da goyo. Yanzu babu mai zuwa bakin rafi, yara an hana su sauka ruwa, zangon gaba ma an rufe shi a tsakiyar lokacin baƙi. Ma'aikatan gandun daji sun zo sun duba, sun ce kadan da ya fara bin mutane ba ya bari, dole a kafa masa tarko a kai shi gidan kiwon kada.

Noeleen ta ce kakarta ta roƙe su su ba shi wata ɗaya ko zai manta. Ka san mutanenta ba dabba suke ɗaukar sa ba. Mahaifin tsohuwa yakan gaishe shi in zai wuce, ita ma haka. Na tambayi Noeleen ko tsohuwa ta ambaci sunana, ta ce a'a, ta ci gaba da ɗaure wa jaririnta zani.

Na kasa zuwa. Sau biyu ina kama hanya ina juyowa daga inda ake ƙetare ruwan farko. Ka amsa mini tambayata: wa ya gaya wa ɗanka wannan ƙarya?

Glenys.

*

Kalgoorlie,
18 ga Satumba, 1989.

Glen,

Na samu wasiƙunki biyu rana ɗaya. Lafiyata ƙalau, tunda kin tambaya a gurguje. Hoton na cire.

Amma akwai layin da ya tsaya mini a wuya. Kin ce ba za ki ƙara kai nawa can ba. Nawa. Yaushe Warren ya zama nawa ni kaɗai? Ba jinin Baba ba ne? Na san abin da kike nufi, ba yau kika fara ba: na saki uwarsa, na bar shi a Brisbane, na gudu ramin zinariya, ga sakamakon. Faɗi shi fili kawai, ba sai kin bi ta kan takardar bayan gida da fatar kafaɗa ba. Yarinyar nan a birni ta tashi, kwaɗo a salga ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Kin tambayi wanda ya gaya masa. Ni ne. Yana shekara bakwai, ranar da zan taho nan karon farko, ya riƙe mini ƙafar wando a tashar jirgin ƙasa ya ƙi saki. Ban san abin da zan ce masa ba. Sai na ce kakansa yana da abokin kada a arewa, in ya buga bokiti sai ya fito su gaisa, kuma in ya bar kuka wata rana zan kai shi ya gani. Ya saki wandon. Daga nan duk zuwan da na yi sai ya ce in sake ba shi labarin, ni kuma ina ƙara masa gishiri. Ban taɓa kai shi ba. Ban kuma taɓa tunanin ƙato mai shekara ashirin da huɗu yana nan riƙe da zancen ba. Ina jin ƙyamar kaina, in hakan zai sanyaya miki rai.

Sai dai ke ma kada ki mai da abin ya wuce yadda yake. Ba a ci kowa ba. Kada ne, za a kai shi inda za a riƙa ba shi kaji yana kwance, wani zai zo ya maye gurbinsa. Anti Myrtle ta san ki tun kina yarinya, ba za ta yar da ke a kan kawunan kifi ba. Zan rubuta mata da hannuna in ce laifina ne. Ke dai ki daure ki je.

Warren bai san komai ba tukuna. Na rasa ta inda zan fara.

Des.

*

Kalgoorlie,
29 ga Oktoba, 1989.

Glen,

Ina fata lafiya. Mako shida ke nan babu ko layi ɗaya. Na buga waya asibitinku sau biyu, aka ce kina ɗakin haihuwa, na bar saƙo. In maganata ce ta yi zafi, ki yi haƙuri, da ɓacin rai na rubuta. Na gaya wa Warren ta waya. Ya tambaye ni ko akwai wani abu cikin labaran da na ba shi wanda yake gaskiya. Na rubuta wa Anti Myrtle, ba amsa. Ki ce mini wani abu kafin damina ta rufe muku hanya.

Yayanki,
Des.

*

Cooktown,
12 ga Nuwamba, 1989.

Yaya Des,

Ina gaishe ka, ina kuma neman afuwar shirun da na yi. Lafiyata lau. Ba fushi nake yi da kai ba. Layin nan da ya tsaya maka a wuya, ban nufi komai game da aurenka ba, haushi ne kawai. Abin da ya hana ni rubutu daban ne, yau zan faɗa maka.

An kama Tsoho a ƙarshen Satumba. Watan da aka ba shi bai yi amfani ba. Da rabin alade suka ja shi cikin tarko, kwana ɗaya tak, shi da a da ko gawar saniya ba ya taɓawa in ya ji ƙanshin mutum a kusa. Ta gaban asibitinmu motar ta wuce da shi, an ɗaure masa baki da igiya, an rufe masa ido da buhu, wutsiyarsa tana leƙowa ta baya. Mutane suka fito daga mashaya da kwalabe a hannu suna ihu suna ɗaukar hoto. Na shiga bayi na kulle kaina.

Ranar Lahadin da ta wuce na je wurin Anti Myrtle. Na same ta a barandarta tana gyaran raga. Ta ce, “'Yata, kin rame,” ta sa aka dafa mini shayi, ta tambayi gwiwata, ta tambayi tarinka. Wasiƙarka tana nan, Noeleen ta karanta mata. Ta ce in gaya maka uba ba ya laifi don ya rarrashi ɗansa a tasha.

Ni kuwa na zo da jawabina a shirye. Na fara zazzage mata: yaran birni, rashin tarbiyya, kular abinci, takardu a kan yashi, ƙaryar da ka yi. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta ajiye ragar ta ce, “Daga bakin rafi zuwa tudu da dawowa, minti nawa ne?”

Na ce arba'in, in da haƙa rami.

Ta ce, “Shi a minti nawa yake dawowa?”

Yaya, a minti biyar yake dawowa, bokiti a ɗauraye, ƙafafunsa jiƙe. Tun yammar farko na lura. Ina jin bugun ƙarfen daga inda nake gasa kifi. A rana ta biyu ma na bi shi, na tsaya bayan bishiya, na gan shi da idona yana watsawa, na juyo na ci gaba da yanka albasa. A wasiƙata ta farko na rubuta maka “ashe”, kamar daga baya na gano. Ƙarya na yi maka.

Shekara tara rabona da yaron nan. Ya sauko daga jirgi ya rungume ni ya ɗaga ni sama yana Gwaggo, Gwaggo. Ni da ba ni da ɗa, ba ni da miji, gidana shiru kamar ɗakin ajiyar magani. Na ce a raina in na buɗe baki na yi masa faɗa a gaban amaryarsa, shi ke nan, ba zai ƙara zuwa ba. Na ce kwana huɗu ne kawai, me zai faru. Duk ƙyamar da na cika maka takarda da ita, ta Tracey da ta Warren da taka, na neme ta ne don kada in kalli tawa.

Na faɗa mata haka, ba ta yi mamaki ba. Ta ce a wurinsu baƙo ba ya ɗaukar laifin ƙasar da ba a nuna masa ba, wanda ya shigo da shi ne yake ɗauka. Ta ce Warren yaro ne da aka ba labari, ba wanda ya jiƙa masa kai, ba wanda ya zaunar da shi. Ni kuwa da hannunta ta jiƙa mini nawa ina shekara goma sha biyu, na san komai, na tsaya ina kallo.

Ga saƙonta, ka isar masa yadda yake. In rani ya shigo, Warren ya zo. Ya zo da takalmin kirki da hula, ya bar kyamara a gida. Za ta karɓe shi da kanta, ta zagaya da shi, ta nuna masa abin da kakansa yake yi na gaskiya. Tracey ma in tana so ta zo, ta ce kwaɗin ba sa cizo.

Ni kuma ta ce in ci gaba da zuwa barandarta shan shayi duk ranar da na ga dama, amma ƙafata ba za ta wuce ƙofar nan ta bakin rafi ba. Ta faɗe shi a hankali, tana riƙe da hannuna. Na tambaye ta har zuwa yaushe. Ta ce, “Shi Tsoho yaushe aka ce zai dawo?”

Na shanye shayina, na wanke kofin, na yi mata sallama.

Ka ce wa Warren ya sanar da ni ranar da zai sauka, zan ɗauko shi a filin jirgi. Tantin Baba yana nan da duk kayansa, zan haɗa masa. Zan kai shi har bakin ƙofa, daga nan sai ya ƙarasa da ƙafa.

Ka kula da ƙirjinka.

Ƙanwarka,
Glenys.